Firizam ɗin wani shago a Samaru: ku sayi na gilashi, kuma guda biyu

Malaman Fiziks na Zariya masu neman kayan gwaji, akwai wani ɗan shago a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, da ke sayar da firizam, gilashin nan mai kusurwa uku da ke warwatsa haske. Iri biyu gare shi. "Malam, ɗauki na roba mana, ai yara ne," in ji mai shagon. Kada ku biye masa. Na robar ya fi araha, amma nan da nan yake karcewa, launukan su fito dishi-dishi. Na gilashin kuwa da nauyinsa a hannu, gefunansa sumul.

Dalilin sayen biyu: da guda ɗaya bakan gizo kawai yara za su gani su yi ta shewa, alhali an san wannan tun kafin a haifi Isaac Newton, masanin kimiyyar nan na Ingila, a 1642. Zaton mutanen lokacin, gilashin ne ke rina hasken. Newton, wanda annoba ta mayar da shi gida daga Jami'ar Kambirij a 1665, bai gamsu ba. Ya duhunta ɗaki, ya bar 'yar kafa a taga, hasken rana ya ratsa firizam na farko, sannan ya ware launi guda ya bi da shi ta na biyu. Ja ya shiga, ja ya fito. Ashe launukan suna cikin farin hasken tun asali, gilashin rarraba su kawai yake, domin kowanne da gwargwadon karkatarsa, ja ne mafi ƙaranci. A 1672 ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society bayanin.

Haka muka yi da 'yan ajina a Tudun Wada: kwali a taga, huda da ƙusa, hantsi ya ɗaga. Wata ɗaliba ta tara tafin hannunta, kore da shuɗi suka kwanta a kan lallenta. Amma fa ban da lokacin hazo, ranar ba ta da ƙarfi.

Inda shagon ya gaza shi ne naɗi. A tsohuwar jarida yake dunƙule maka gilashi, ga gargadar hanya a Keke Napep, rasit kuma sai ka roƙa. Ku tafi da tsumma mai kauri, kuma kafin ku biya ku ɗaga kowanne a rana, don wasu na da ƙananan kumfa a ciki.