TNF da IL-10 a ɓerayen gwaji: wanne ke jawo ciwon suga, wanne ke karewa?

Malama, kin tambaya ko gaskiya ne cewa a jikin ɓerayen gwaji sinadarin TNF ke haddasa ciwon suga nau'i na ɗaya, IL-10 kuma ke hana shi. Dukkansu saƙonni ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna: an san TNF da hura wutar kumburi, IL-10 kuma da yayyafa mata ruwa. Sai dai idan aka jera sakamakon gwaje-gwajen kusa da juna, za a ga maganar ba ta tsaya nan ba.

Ɓeran da ake nufi shi ne NOD, wani nau'in ɓeran gwaji mai kamuwa da ciwon suga nau'i na ɗaya da kansa, wanda masu bincike na kamfanin Shionogi a Japan suka bayyana a 1980. Tun yana ɗan sati 4 zuwa 5 ƙwayoyin garkuwa ke fara taruwa a gefen tsibiran fankiriyas, wato ƙananan gungu-gungun ƙwayoyi masu samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, su kewaye su kamar zobe, sannan su kutsa ciki a hankali. Bayan watanni sai mai kula da keji ya lura goran ruwa na saurin ƙarewa, shimfiɗar kuma kullum a jiƙe take da fitsari, alamar ciwon suga ya kama. Matan sun fi mazan kamuwa nesa ba kusa ba.

A ɓangaren TNF, lokacin da aka ba da shi ne ke yanke hukunci. A 1994, tawagar Hugh McDevitt a Jami'ar Stanford ta Amurka ta nuna cewa idan aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa a makonni 3 na farkon rayuwarsu, ciwon yakan zo da wuri, idan kuma aka toshe shi a daidai wannan lokacin, ciwon ba ya zuwa. Amma tun kafin nan an riga an gano cewa sinadarin nan dai, idan aka daɗe ana ba manyan ɓeraye shi, kare su yake yi.

Shi kuwa IL-10, wurin da ya ɓullo a jiki ne abin dubawa. Da aka riƙa yi wa manyan ɓeraye allurarsa ya zagaya cikin jini, ciwon ya yi jinkiri, waɗanda suka kamu kuma suka ragu. Da aka sauya ƙwayoyin gadon ɓeraye ta yadda tsibiran da kansu za su riƙa fitar da shi tun daga haihuwa, sai ciwon ya zo da gaggawa. Wannan shi ya fi ba ni mamaki, domin sinadarin da ake sa ran zai kwantar da tarzoma shi ne ya ƙara janyo mahara cikin tsibiran.

A ganina, duk wanda ya ce miki ɗaya mugu ne ɗaya na kirki, ki tambaye shi kwanan ɓeran nawa, kuma ta wace hanya aka ba shi sinadarin. Ina nanata wannan ne saboda iyayen yara masu wannan ciwo suna karanta irin waɗannan labarai da kyakkyawan fata, bai kuma kamata a ba su rabin magana ba.

A jikin mutane, toshe TNF ne ya fi yin nisa. Wani gwaji da aka wallafa a 2020 ya ba sababbin kamu 'yan shekara 6 zuwa 21 maganin golimumab mai toshe TNF, kuma bayan shekara guda jikinsu na samar da insulin fiye da na waɗanda ba su samu ba, ko da yake ciwon bai warke ba.