Yini Ɗaya a Dakar: Ngor ko Madelen?

Alhaji, ka ce bayan ziyarar Kaulaha a watan Nuwamba kuna da yini ɗaya tak a Dakar, kai kallon tsuntsaye kake so, Hajiya kuma bakin teku, shin wane tsibiri za ku je, Ngor ko Madelen? Duka biyun na taka, to ga abin da na gani.

Madelen ba wurin hutawa ba ne, gandun tsuntsaye ne da gwamnatin Senegal ta killace tun 1976, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a gandayenta na ƙasa. Yana yamma da Dakar, kamar kilomita 4 a cikin teku. Daga bakin kasuwar kifi ta Sumbejun ake hawa kwalekwale, tare da ma'aikacin gandun. Ba gida, ba rumfa, ba mai sayar da ko ruwan leda. Lebu, masuntan yankin, sun ce tsibirin na wani aljani ne da ba ya son maƙwabta, shi ya sa ba wanda ya zauna. Baƙin dutse ne tsantsa, kashin tsuntsaye ya yi masa farin fenti. Kukokin wurin ma abin dariya ne: iska ta hana su tashi, sun kwanta suna rarrafe, bakanon da ya saba da kukar da ake hutawa a gindinta sai ya rantse ba ita ba ce.

Amma tsuntsu kam, a nan yake. Akwai wani fari fat mai jan baki, da siririyar jela doguwa kamar zare, wanda ke ƙwai a ramukan dutsen. Wurare kaɗan ne a gaɓar Afirka ta Yamma ake samun sheƙarsa. Mai rakiyarmu ya durƙusa ya nuna mini wani rami, na leƙa, sai ga uwar kwance a kan ƙwai, tana harara ta da baƙin layin nan da ya ratsa idonta kamar ta sha kwalli. Taku biyu ne tsakaninmu. Ga kuma baƙaƙen nan masu nutso su kamo kifi, jere a kan duwatsu sun baje fukafukai suna shanya. A Nuwamba za ka iya dacewa da shahon kifi da ke gudo sanyin Turai. Wurin wanka ɗaya ne, wani ɗan lungu da duwatsu suka kare shi daga igiyar ruwa, nan ne ma kwalekwale ke sauke mutane. Ruwan garau, sai dai tsakuwa da dutse ne, ba rairayi ba.

Ngor kuwa jifa ce daga gari, minti biyar a kwalekwale. Ƙananan bakin ruwa masu rairayi, lemomi da tabarmin haya, gasasshen kifi da yaji, lunguna masu furanni, ba mota ko ɗaya. Nan ne Hajiya za ta sa maka albarka. Ranar Lahadi dai cika yake maƙil, kuma shigar wasu masu wankan sai an kau da kai.

Ba a ce babu tsuntsaye a Ngor ba. In ka zaga bayan tsibirin ta arewa da sassafe, daga Satumba zuwa Nuwamba, ayarin tsuntsayen teku na wucewa kudu, don kusurwar Dakar ce ƙarshen Afirka ta yamma, dole su raɓe ta. Masana daga Turai kan zo musamman don wannan. Matsalar ita ce can nesa suke bisa ruwa. In ba ka da madubin hangen nesa mai ƙarfi, ɗigo-ɗigo kawai za ka gani, ka koma kallon shirwa irin wadda ka baro a mahautar garinku.

Ni a ganina ku sammaka Madelen, ku dawo da azahar, la'asar ta yi muku a Ngor, in cunkoson motocin Dakar ya bari. In da ƙananan yara ko mai jin jiri a ruwa, ku manta da Madelen, don igiyar hanyar ba ta wasa, kuma ranar da teku ya tashi ba a ma fita. Ku riƙi ruwan sha da malafa da takalmi mai kama dutse, da canjin sefa a aljihu. Sefar Nijar ce dai suke kashewa, in akwai ragowa a gida ka taho da ita.