Tsohon injin kafinta mai aiki biyar: a sayar yadda yake ko a gyara tukuna?

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya yi tambaya a kan injin aikin katako da mahaifinsu ya rasu ya bari a shago. Ya ce an rubuta Shopsmith Mark V a jikinsa, an daɗe ba a tayar da shi ba har tsatsa ta kama sandunansa, kuma akwai buhu guda na ƙarafa da ba su san amfaninsu ba. Yana son ya san wanne ya fi wa magada alheri, su sayar da shi yadda yake, ko su gyara shi tsaf kafin su nemi mai saye. Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ga abin da nake gani.

Injin nan ƙirar Amurka ne. Wani injiniya mai suna Hans Goldschmidt ne ya ƙirƙiro na farkonsa, wanda ya shiga kasuwa a 1947, shi kuwa Mark V ya biyo baya a farkon shekarun 1950. Moto guda ne yake yin aiki biyar: yana juya zarto, yana sassaƙa katako mai juyawa kamar ƙafar kujera ko ta gado, yana huda a tsaye, yana huda a kwance, yana kuma goge katako da faifan samfefa. An yi shi ne domin mutum ɗaya mai ƙaramin wuri, don haka teburinsa ƙarami ne, kuma sai an kwance wani aiki kafin a ɗaura wani. Kafintan da ke tsaga manyan katakan maɗaci daga safe zuwa yamma ba zai waiwaye shi ba. Mai sayensa shi ne mai yin kujeru da ƙananan kayan ɗaki, ko cibiyar koyar da sana'a, kuma irin waɗannan ba su da yawa ko da an haɗa Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara.

Sayarwa yadda yake ita ce ta fi sauƙi. Ba za ku kashe ko kwabo ba, kuma tun da dukiyar gado ce, babu wanda zai ce an taɓa haƙƙinsa ba da saninsa ba. Illarta ita ce injin da ba a ji ƙararsa ba, kuɗin mataccen inji ake taya shi, wani lokaci ma 'yan gwangwan ne kaɗai za su zo, su ɗora shi a sikeli su biya kuɗin nauyin ƙarfe da alminiyam. Wannan asara ce da ba na so ta same ku, domin abin da aka auna da kilo ba ya dawowa.

Cikakken gyara kuwa yana da daɗin faɗi, amma a nan kuɗi suke zurarewa, kuma wuta ce babbar matsalar. Akasarin waɗannan injina an yi su ne don wutar Amurka, mai ƙarfin bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, alhali tamu bolt 230 ce mai bugu 50. Saboda haka kada kowa ya jona shi a soket don gwaji kafin a karanta farantin da ke jikin moton, domin idan na bolt 120 ne, zai ƙone nan take. Taransifoma mai rage wuta tana gyara ƙarfin, amma ba ta sauya bugun, wato moton zai riƙa juyawa da kusan kashi biyar cikin shida na gudunsa, ya kuma fi saurin ɗaukar zafi. Taransifomar ma sai babba, domin moto yana jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Bayan wannan akwai bel biyu da ke cikin kan injin, wato akwatin da moton yake ciki, waɗanda zafi da ƙurar hunturu kan busar har su tsattsage, sannan akwai boris. Boris ana iya dacewa da shi a kasuwa idan aka je da tsohon aka gwada lamba, amma bel na sama da kayan sauya gudu sai an yi odarsu daga waje, a biya da dala, a biya kuɗin kawowa. Idan aka haɗa da ladan makaniki da fenti, da wuya kuɗin da mai saye zai ƙara ya rufe abin da aka kashe.

Fenti ma ni ban ba da shawararsa ba. Launin asali yana nuna zamanin injin, domin na shekarun 1950 koraye ne, na farkon 1960 ruwan zinariya, na baya kuma ruwan toka. Ga shi kuma kafinta mai wayo idan ya ga sabon fenti a tsohon inji, zargin an rufe tsagewa yake fara yi.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne buhun nan, kuma a ganina rabin darajar injin tana cikinsa. Ku zazzage shi a kan tabarma, ku wanke komai da kananzir, kada ku jefar da ko noti. Sandar da ke juyawa a bakin injin kaurinta biyar bisa takwas na inci ne, gefenta guda a shafe, saboda haka duk abin da ke da rami daidai wannan da ɗan sukuru a gefe, na injin ne. Faifan ƙarfe mai faɗin inci 12 shi ne na samfefa. Mai haƙora uku da ake tsukewa da makulli shi ne mai riƙe ƙarfen huda, gajere mai noti a baki kuma shi ake ɗaura wa zarto. Ɗan ƙarfe mai tsini a tsakiya da farata a kewaye shi ne yake cafke katako a wajen sassaƙa, kuma yana da abokan aiki biyu, matokarin da ke tallafe ɗaya bakin katakon da madogarin da ake kwantar da ƙarfen sassaƙa a kai. Dogon shingen da ke maƙalewa a tebur shi ne yake miƙar da tsaga, mai rabin da'ira da lambobi kuma na yankan kusurwa ne.

Abubuwa biyu ne aka fi zubarwa bisa rashin sani. Na farko makullin nan mai lanƙwasa kamar gwiwa, mai gefe shida, wanda girmansa biyar bisa talatin da biyu na inci ne, kuma da shi ake ɗaure kusan komai a injin. Na biyu wani gajeren bututun roba mai tauri, wanda yake kai juyi daga kan injin zuwa ƙarin injina. Idan kun ga wani ƙaramin inji a shagon da ba shi da moto, amma yana da ƙafafu biyu na bututu a ƙasa, to shi ma ɗan gidan ne, ko dai zarto mai kama da ɗamara ko mai fere gefen katako, kuma kowannensu kuɗi ne. Murfin zarto ma a neme shi, domin yatsun mai saye amana ne. A kula kuma, notinan injin awon inci ne, kada a tura musu na milimita da ƙarfi a lalata zaren.

Idan aka jera hanyoyin biyu, ta farko tana rage kuɗin da za ku samu, ta biyu tana cinye ribar tun kafin ta zo. Abin da na fi so ku yi ƙaramin aiki ne da magada za su amince da kuɗinsa tun farko. A goge tsatsar sanduna da samfefa mai laushi, a shafa musu kakin goge katako maimakon giris, domin giris yana tara garin katako. A hure ƙurar cikin kan injin, a ɗiga mai kaɗan inda fulolin sauya gudu suke zamewa, a juya sandar bakin injin da hannu a ji ko tana gurzawa. Kada a murɗa ma'aunin gudu alhali injin yana tsaye, domin haka ake karya kayan cikinsa. Daga nan a kira mai gyaran moto ya auna, ya tayar da shi da taransifomar aro a gaban mai saye. A ɗauki hoton farantin lamba da na kayan a jere, a sayar da su a dunƙule, a kuma bayyana kowane aibi kamar yadda shari'a ta wajabta, musamman maganar wuta.

Cikakken gyara zai dace ne kawai idan a cikinku akwai wanda zai ci gaba da sana'ar. A wannan hali sai a yi wa injin kuɗi yadda yake, a saka shi cikin rabonsa, shi kuma ya gyara a hankali da aljihunsa, ya fara da moto da bel.