Shagon hayar littattafai na Tudun Wada da dararen da nake yi wa Inna karatu

Wata takwas ke nan ina hayar littattafai a wani ɗan shago da ke Tudun Wada a Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci. Faɗinsa bai wuce na ɗakin girki ba: kanta biyar na katako, benci ɗaya, sai Hajiya mai shagon zaune a bakin ƙofa da littafin rajistarta a cinya. Naira 300 ne hayar littafi na mako guda, bayan ajiyar dubu ɗaya da za ta maida miki ranar da kika daina zuwa.

Dalilin Inna ne ya kai ni. Bayan rasuwar Malam ta dawo gidana a Badarawa, yanar ido kuma ta riga ta cinye mata gani. Ni ce 'yarta ta fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Goggo ce ta riƙe ni a Zariya daga yaye har na shiga sakandare. To yau matar da ke kawar da kai in na shigo ɗaki, ni ke ɗiga mata maganin ido, ni ke riƙe hannunta zuwa bayi, ba ta ma iya cin tuwo sai ta ji motsina kusa. Abin ya yi mini nauyi a zuciya, na rasa wanda zan faɗa wa. Sai na ce bari in samo abin da zan riƙa karanta mata bayan isha'i, ko shirun da ke tsakaninmu zai ragu.

Ranar farko na ce wa mai shagon ina neman labarin uwa da 'ya, ba na saurayi da budurwa ba. Ba ta tashi nan da nan ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, ke ce ta fari ko?" Na ce e, Hajiya. Sai ta miƙe ta zaro littafi biyu daga kanta daban-daban, ta ce in haɗa su, kada in karanta ɗaya in bar ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi komai daraja a shagon: matar ta karanta hajarta, ta kuma san wanda ya dace da wa.

Na farko shi ne Baba of Karo, wanda aka buga a 1954. Ba ƙagaggen labari ba ne. Mary Smith ce ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta, lokacin da mijinta M. G. Smith, masanin nazarin al'adun al'umma, yake bincike a ƙasar Zazzau. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, 'ya'yan dangi ta riƙa. Da Turanci littafin yake, don haka nakan karanta sakin layi a zuci sannan in maida wa Inna shi da Hausa, maganar da dama daga Hausa ta fito. Tana ji tana gyara zama. Wani wurin ta ce haka ne, wani wurin ta ce su a garinsu ba haka ake yi ba.

Da muka iso maganar kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a idon mutane, Inna ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce ranar da Goggo ta zo ɗaukata, bayan rumbu ta je ta tsuguna, ta cusa bakin zanenta a baki don kada uwar miji ta ji kukanta a ce ba ta da kunya. Ta ce kwana uku nono yana yi mata zogi, ba ta faɗa wa kowa ba. Shekarata 44, ban taɓa sanin haka ba. Ba ta juyo wajena ba tana magana, ni ma ban ce komai ba, na dai ajiye littafin na ja mata bargo.

Na biyun shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta riƙe su, sannan auren 'yarta Saudatu ya zo ya ɗaga darajar gidan. Nan na gane dalilin Hajiya. Littafin bincike yana zayyana ka'idar zama, wa ke jin kunyar wa, wa ke riƙon ɗan wa. Ƙagaggen labari kuwa shi ke shiga ɗaki ya nuna yadda dogaron yake juyawa, yau uwa ke ciyarwa, gobe ita ke jiran hannun 'yarta. Amma ina da ƙorafi. Saudatu ta cika haƙuri. Ni ina neman labarin da zai yarda cewa 'ya tana iya ƙaunar uwarta har cikin ɓargo kuma ta gaji, ta shiga bayi ta yi kuka ƙarfe biyun dare. Na faɗa wa Hajiya haka, ta ce irin wannan kaɗan ne a kantarta, amma ta yi mini alkawarin dubawa cikin na sababbin marubuta. Ta cika alkawari, ta samo mini biyu, ɗaya ya yi kusa da abin da nake so.

Shagon yana da nasa aibu. Babu fanka, da bazara minti goma ya ishe ki. Ƙurar hunturu ta zauna a kan kantar sama har sai an kaɗe littafi kafin a buɗe. Babu jerin sunayen littattafai ko a takarda, komai a kan Hajiya yake, ranar da ta tafi biki ta bar jikanta ba abin da za ki samu. Sau biyu ina biyan kuɗin keke daga Badarawa in tarar da ƙofa a rufe ba sanarwa. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wani littafi da muka yi dare shida muna bi, muka iso ƙarshe na tarar an yage shafi huɗu. Inna ta kwana tana tambayar yadda aka ƙare. Hajiya ta ba da haƙuri, ta maida mini kuɗin hayar, ta kuma ba ni ƙarshen labarin da baki don in kai wa Inna, amma ya kamata a riƙa duba littafi shafi-shafi in an dawo da shi.

Wadda za ta je, ta je da safiyar Asabar kafin rana ta ɗaga, ta riƙe tsabar kuɗi don ba a karɓar taransifa, ta kuma faɗa wa Hajiya ainihin abin da ke damunta, ba sunan marubuci kawai ba. Jibi zan koma in maida na hannuna. Inna ta ce in tambayo ko akwai wanda aka rubuta kan goggo mai riƙo.