Horon sanin makamar aiki a binciken haƙƙin ɗan Adam: wace ƙofa ɗalibi zai ƙwanƙwasa?

Ɗalibin da ke son koyon binciken take haƙƙin ɗan Adam yakan fara hangen manyan sunaye, don su ake ji a labarai. Amma girman suna daban, abin da za a koya maka daban.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin ɗan Adam yana Jeneva, kuma ta Inspira, shafin neman aiki na Majalisar, ake neman horon, wanda kan ɗauki wata biyu zuwa shida. Sunan yana da nauyi a takardar neman aiki, ba musu. Sai dai an daɗe ana kukan cewa sakatariyar Majalisar ba ta biyan masu karɓar horo, ga Jeneva da tsadar rayuwa. A 2015 har wani matashi, David Hyde, ya riƙa kwana a tanti a birnin don ya nuna wa duniya halin da suke ciki. In ba ka da mai ɗaukar nauyinka, wannan ƙofar ba taka ba ce. Amnesty International da Human Rights Watch kuwa, masu nema sun yi wa guraben yawa, kuma sau tari sai kana da izinin aiki a ƙasar da ofishin yake. Kotun hukunta manyan laifuka da ke Hague ta fi dacewa da masu son zama lauyoyi, in ba nan ka dosa ba, wuce.

Ni dai zaɓina cibiyar bincike ta jami'a, ko ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata kaɗan wadda ke fitar da rahotanninta da kanta. A irin waɗannan wurare babu hannun da ake bari ya zauna, dole a ba ka aikin gaske. Ita kanta Amnesty, da ta kafa rundunar tantance bidiyo a 2016, ɗaliban jami'o'i irin su Essex da Berkeley da Pretoria ta nema. Ga yadda aikin yake: a miƙo maka bidiyon da ake cewa jami'an tsaro ne ke harbin masu zanga-zanga. Kai za ka gano inda aka ɗauke shi, ka kwatanta ginin da ke bayan mutanen da hoton tauraron ɗan Adam, ka karanta allon da ke bakin titi, ka dubi tsawon inuwa don ka ƙiyasta lokaci, sannan ka binciko ranar da ya fara bayyana a intanet. Wani lokacin sai ka tarar bidiyon tsoho ne, daga wata ƙasa ma. Ƙa'idojin wannan aiki suna cikin kundin da ake kira Berkeley Protocol, wanda aka fitar a 2020, kuma ɗalibin da ya karanta shi kafin ranar ganawa ya riga ya sha gaban sauran. Wasu cibiyoyin kuma kotu za su tura ka, ka zauna da littafinka kana rubuta ko wanda ake tuhuma yana da lauya, ko an ba shi tafinta, da kuma sau nawa aka ɗage shari'ar.

Tambaya ɗaya nake sawa gaba da batun kuɗi: wa zai riƙa karanta aikina, mene ne sunansa? Na taɓa yin horo a wata ƙungiya mai farin jini inda ba a haɗa ni da kowa ba. Jera kujerun taro da rubuta abin da aka tattauna, su ne aikina. Fassarar da na yi ta shiga rahoto ba sunana, takardar shaidar da aka ba ni a ƙarshe kuma layi biyu ce. In suka fara kame-kame a kan wannan tambaya, ka gode musu ka kama gabanka.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka gane cewa ɗalibai na cikin ƙishirwa. Za ka ga sanarwa da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya ɓaro-ɓaro, an ce an zaɓe ka alhali ba ka nema ba, saura kuɗin rajista ko na biza ko na inshora. Majalisar ta sha faɗa cewa ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata. Dubi adireshin da wasiƙar ta fito: in na Gmail ne, ko an cusa wani harafi cikin un.org, adireshin Majalisar na ainihi, share ta. Akwai masu ƙirƙiro babban taro a ƙasar waje, su ce sun biya maka jirgi, kai dai ka biya otal ta hannunsu. Akwai masu yin ganawa ta saƙon WhatsApp kawai, ba murya ba fuska, su nemi hoton fasfonka da lambar asusunka tun ranar farko. Waɗannan ko ba ka tura kuɗi ba, sun samu abin sayarwa.

Mafi haɗari a wurina su ne waɗanda ke da rajista da ofis, amma su tura ɗalibi ya yi hira da waɗanda aka azabtar ba tare da sun koya masa neman yardar mutum da ɓoye sunansa ba. Sunan shaida guda ya fita, rayuwarsa ce a kan siraɗi. Kafin ka sa hannu, nemi rahotonsu na baya-bayan nan, ka karanta sashen da suka bayyana yadda suka tattara bayanai. In babu wannan sashen, kada ka je.