Garmaho HMV 102: ya cancanci kuɗinsa, in an duba cikinsa

Cikin tsofaffin garmaho da ke faɗowa hannun dillalan kayan da a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, HMV 102 ne za a saya ba fargaba. Kamfanin Gramophone mai tambarin HMV (His Master's Voice, hoton kare yana sauraron garmaho), wanda aka kafa a Landan a 1898, shi ya fito da shi a 1931 daga masana'antarsa ta garin Hayes, yamma da Landan. Akwati ne mai marfi da hannun ɗauka, ƙahonsa a naɗe a ciki, ba ruwansa da lantarki ko batir. A juya hannun da ke naɗe sifirin injin, faifai ya yi zagaye 78 a minti.

Muryarsa ta fi jikinsa. Sirrin yana kan da ke riƙe allura, galibi mai lamba 5A ko 5B, wanda fatar cikinsa ta alminiyom ce siririya. Sai dai zafin ƙasar nan yana busar da robar da ke haɗa kan da wuya, iska ta riƙa fita, sauti ya shaƙe. A sake roba kawai. Kada a sa yatsa a kan fatar, in ta lotsa ba ta komawa daidai.

Injin ne inda mai saye zai tsaya ya kasa kunne. In ana jin dum-dum jefi-jefi yana cikin juyi, tsohon giris ne ya daskare a gwangwanin sifirin, zoben ƙarfen na mannewa sannan su saki da ƙarfi. Maganinsa a wanke da kananzir a sa sabon giris. Wannan aikin mai gyaran agogo ne ko makaniki mai haƙuri, don sifirin in ya kuɓuce yana yanka hannu. Murya mai rawa kuwa daga na'urar daidaita gudu take, mai ƙwallaye uku: ko ɗaya ya karye, ko ƙurar hunturu ta busar da ƙyallen birkinta. Ɗigon man keken ɗinki biyu ya isa.

Aibinsa na gaskiya allura. Ta ƙarfe ce, gefe ɗaya na faifai take yi a jefar. Wanda ya yi tsimi ya maimaita ta, faifansa yake ci.

Abin lura ga masu gadon faifan Faransa: tsofaffin Pathé na farkon ƙarni na 20 tsaginsu sama da ƙasa yake, da kan yakutu ake kunna su, na fari ma daga tsakiya suke farawa. Allurar 102 lalata su za ta yi. Faifan roba na zagaye 33 da 45 ma kada a kusanto da shi.

Masu babban ƙahon tagulla mai walƙiya da hoton kare a gaba, galibi haɗin Indiya ne na baya-bayan nan, an cusa injin ƙaramin garmaho a sabon katako. Ado ne na falo. In dillali ya ce na zamanin mulkin Jamus a Kamaru ne, a ce ya buɗe ciki a ga injin kafin a fara ciniki.