Sifirin ɗin saukar da mota: wata shida da na yi da su a ƙarƙashin Accord ɗina

Duk inda na faka sai an samu wanda zai zagaya motar nan ya tambaye ni ko shi ma ya sayi sifirin ɗin saukar da mota, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan kowace ƙafa. Na gaji da ba da amsa ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta. 

Accord ce ƙirar 2007, wadda 'yan kasuwa ke ce wa DC. Sifirin huɗu ne a kwali, an rubuta za su sauke mota inci ɗaya da rabi, kuma sun sauke ta, nan kam ba su yi mini ƙarya ba. Ranar da aka sauko da ita daga kan jak, wannan ramin da ke tsakanin taya da madigadi ya rufe, rim 17 ɗin ya zauna ɗas. Na koma gefe ina kallonta kamar sabon ango. A Kano, inda kowa ke neman a sa masa ƙarfe a ɗaga mota saboda ramuka, ni kuɗi na biya aka durƙusar da tawa. A titi mai kyau kuwa ta yi daɗi, in na sha kwana ba ta ƙara kwanciya gefe kamar da. Tudun rage gudu sai a karkace nake hawansa, masu adaidaita sahu suna ta danna mini hon a baya, ban damu ba.

Ranar ɗaukar amaryar ƙanwata ce ta tona mini asiri. Watan Agusta ne, an kwana ana ruwa, gidan angon kuma can cikin sabuwar unguwa da ba a kai ga zuba mata kwalta ba. Aka ba ni gwaggonnina uku a baya, inna ɗaya a gaba, but kuma cike da kulolin abinci. Tun kafin mu bar kwalta na fara jin bayan motar yana dukan wani abu, gum, gum, kamar ana sara icce a ƙarƙashin kujera. Da muka shiga hanyar ƙasa sai abin ya zama kowane taku. Ga ƙaurin roba yana shigowa. Babbar gwaggona, wadda ba ta ɓoye magana, ta dafa kujerata ta ce, "Kai ɗan nan, motar taka ce ba ta da lafiya, ko da gangan kake zuba mu a rami?" Na ce, "Gwaggo, hanyar ce." Ta ce, "To su waɗancan na gabanmu a sama suke tafiya?"

A bakin wani kwalbati salansa ta kama siminti, motar ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Dole na roƙi dattawan mata huɗu su sauka, da leshinsu da takalman biki, su taka taɓo su tsallaka da ƙafa. Jerin motoci a bayana, yaran unguwa sun taru, wani yana cewa a kawo katako. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Har yau in aka haɗu a gida ba a kiran motar da sunanta, sai dai a ce "mai rarrafe".

A hanyar dawowa tayar gaba ta dama ta sace. Mai faci ya ciro ta ya juyo mini cikinta, sai ga waya ta fito fili a gefen ciki, zagaye guda, alhali ta waje har zanenta bai goge ba. Taya ce da ba ta cika wata huɗu ba. Ya shafa ta hagu ya ce ita ma saura ƙiris. A ranar na yanke hukunci cewa sifirin ɗin nan damfara ce, kuma na faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni.

Sai aka shiga canje-canje. Wanda ya ɗaura mini su ya ce linkej ne, ɗan sandan da ke haɗa ƙafar mota da ƙarfen da ke hana ta kwanciya gefe, aka canja, ƙara tana nan. Ya ce bal-joyin ne, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, ban yi musu ba, don na sha ganin mota a tsakiyar titi ƙafarta ta fita ta kwanta. Aka canja, ƙara tana nan. Sau uku ina zuwa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, kullum da sabon abin da za a gwada. Da ya fara maganar a sauke sitiyari gaba ɗaya na ɗauki makullina.

Wani abokina ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike, kuma gaskiya saboda shi nake wannan rubutun. Bai taɓa jak ba tukuna. Tef ya ɗauko ya auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi, kusurwa huɗu, yana rubutawa a bayan kwalin filta. Ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki, ta yi ta lilo kafin ta tsaya. Ya goga alli a cikin madigadin baya, ya kira yaransa uku ya ce su shiga baya, wato ya maido mini da gwaggonnina, ya ce in zagaya layin in dawo. Muka dawo, ga allin nan a kafaɗar taya, ga inda ya goge a jikin madigadi. Sannan ya ce a ɗaga ta.

Da aka ciro shok ɗin baya, jikinsa duk mai ne da ƙura ta manne a kai. Ya danna sandar da tafin hannu ta shige ba gardama, ta ƙi dawowa. Robar nan da ke saman sandar, wadda ke tare shi kada ƙarfe ya daki ƙarfe, ta farfashe kamar tsohon soso. Ya ce, "Ɗana, ka gajarta sifirin ka bar masa dogon shok. Hanyar da shok zai bi in ka faɗa rami, ka riga ka cinye kusan rabinta tun motar tana tsaye. Ka zuba mutane, ina za shi?" Wannan dukan da nake ji, motar ce take zama a kan robar. Ya ƙara da cewa sabon sifirin ya fi na asali tauri, tsohon shok da ya sha hanya ba zai iya riƙe shi ba, shi ya sa take tsalle.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bushin, wato robar da ke cikin mahaɗar ƙarafan ƙafar mota. Ya haska mini na lowa am, hannun ƙasa da ke riƙe ƙafar, da tocila, robar ta murɗe ta tsage a karkace. Ya ce, "A sama aka ɗaure ta." Wato an ƙulle notinan tam lokacin da motar ke kan jak, ƙafafu suna reto. Da aka sauke ta, robar ta murɗe, kuma tunda yanzu motar ta fi da ƙasa, murɗewar ta fi yawa, haka take zaune dare da rana har ta yage. Ƙa'ida sai nauyin mota yana kan ƙafafunta ake yin ɗaurin ƙarshe. Aikin minti goma ne, ba a yi ba.

Maganar taya kuwa da zare ya nuna mini. Ya ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba, na ga da idona tayoyin gaba sun buɗe baki waje, ga kawunansu sun kwanta ciki. Kwanciyar tana sa nauyi ya koma gefen ciki, amma buɗewar ce ke kankare roba kamar ana goga ta a dutse. Ya tambaye ni yaushe aka yi alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, bayan saukarwa. Na ce ba a yi ba, an ce mini ba a taɓa tayarod ba, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, don haka babu buƙata. Ya dube ni bai ce komai ba, shirun ya fi zagi ciwo. Akwai wata takarda a cikin kwalin da na jefar ban karanta ba, ina kyautata zaton maganar tana ciki.

To a nan na sauko. Sifirin ɗin ba su karye ba, ba su zauna gefe guda ba, awonsa ya nuna hagu da dama daidai suke. Aka sa gajerun shok da aka yi domin irin wannan saukarwa, da sababbin robobi, aka canja bushin aka ɗaure a ƙasa. Ya ce in yi mako guda ina yawo komai ya zauna kafin a yi alaimen. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Na fita titin Zariya na taka ta, sitiyari ko motsi, har na kira abokin nawa na ce na zalunci kayan nan da bakina.

Amma da na zauna na yi lissafi sai raina ya sake ɓaci. Wannan Accord ɗin ba ta zo da wurin gyara kwanciyar taya ba, buɗewa da rufewa kaɗai ake iya saitawa. Sai da na sayi wasu hannuwa masu zare da ake saita kwanciyar da su kafin tayoyin su miƙe. Mai sayarwar ya san motata, na faɗa masa ƙirarta, har hotonta ya gani. Ko sau ɗaya bai ce mini sifirin kaɗai ba ya isa ba. Da ya ce mini shok da hannuwa da alaimen suna biye, da na san kuɗin da na ba shi kafin alƙalami ne kawai. In ka haɗa da taya biyu da kayan da aka canja a banza, abin da na kashe daga baya ya ninka kuɗin sifirin ɗin ba sau ɗaya ba.

Kuma duk gyaran nan bai ɗaga ta ko da ɗan yatsa ba. Har yanzu gaban bamba yana shafar gangaren ƙofar gidanmu in ban shiga a karkace ba, salansa tana nan da lotsawar da kwalbatin nan ya yi mata. Idan kai kaɗai kake hawa, hanyarka kwalta ce daga gida zuwa aiki, kuma za ka sayi komai a tare ka kai wa wanda ya san aikin, za ka ji daɗinsu. Ni dai ranar Juma'ar da ta wuce da Hajiya ta ce in kai ta dubiya Ɗorayi, motar yayana na aro. Tsofaffin sifirin ɗin suna nan a sito cikin buhu, dattijon ya ce kada in sayar, ban kuwa sayar ba.